Tiren Shinkafa a Talladjé

Ƙarfe biyu da kwata, ranar sunan ɗan maƙwabtanmu a unguwar Talladjé, na sa hannu a tiren shinkafa, sai matan da ke kewaye da shi suka janye nasu. Ni zabiya ce. Wata mai ciki har ta juya mini baya, wai kada ɗanta ya ɗauko kamata.

Na ɗauki littafina zan tashi, sai kakar gidan ta taso da sandarta, zanenta na ƙamshin turaren wuta. Ta zauna, gwiwarta na taɓa tawa.

"Kun ƙoshi ne, 'yan nan? Madalla, nama ya zama namu. Ci, jikata."

Ta yago tsoka ta sa mini a baki, ta lashe yatsunta a gabansu. Ɗaya bayan ɗaya suka dawo, ban da mai cikin.

Yau shekara guda da rasuwar kakar nan. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya ciyar da ita abincin Aljanna.

Kunya ta hana ni tambayarta sai a jinyarta ta ƙarshe. Na ce, "Kaka, ranar nan ba ki ji ƙyamata ba?"

Ta ce, "Ƙyama kam na ji, jikata, amma ta abin da suka yi miki."