Kunnen Baba

Mahaifina ya daɗe yana koyar da Turanci a sakandaren jeka-ka-dawo ta garinmu, Illela, kuma da 'yar takardarsa aka san shi. Zai yago ta siririya, ya riƙe a gaban bakin ɗalibi, ya ce a faɗi “pan”. In ta yi tsalle, an dace. In ta ɗan karkaɗa kawai, to “fan” ka faɗa, sai ka sake. Mu da bakinmu ya fi sabawa da lissafin kuɗin sefa da cinikin albasa, kalmomin nan masu kama da juna su ne dodonmu. Har a kasuwar Lahadi, 'yan canji da masu kabu-kabu da suka taɓa zama ajinsa, in sun hango shi sai su ɗaga takarda su hura. Yakan yi kamar bai gani ba, alhali daɗi ne ke neman kashe shi.

Bazarar da nake ajin ƙarshe sanƙarau ya kwantar da shi. Allah Ya tashi kafaɗarsa, amma ciwon ya tafi da fiye da rabin jinsa. A gida muka fara ganewa: ladan zai kira salla Baba na zaune, sai ya ga maƙwabta sun fito da buta sannan ya miƙe. Inna ta ja mana kunne kada maganar ta wuce zaure. Ta san abin da ake yi wa malamin da ya gaza: a raba shi da alli, a ba shi mabuɗin sito ya riƙa gadin karyayyun kujeru. Baba kuwa ba shi da gona, ba shi da shago. Aji ne duniyarsa.

Ni ɗalibarsa ce, a benci na biyu. Ranar da ya koma aiki, wata yarinya ta karanta “leave” ta fito da ita “live”, shi kuma ya ce ta zauna, ta yi daidai. Na ji ƙus-ƙus a bayana, da wata 'yar dariya da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Da na gaba ya yi kuskure, ban san lokacin da na kwantar da birona a kan benci da ƙarfi ba. Baba ya dube ni, ya dubi biron, ya ce wa yaron ya sake. Da yaron ya gyara, na tsayar da biron.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Biro a tsaye, daidai. Biro a kwance, kuskure. Ba mu taɓa yin maganar ba, ko a gida. Ni dai na zama kunnen Baba, kuma ko zazzaɓi nake ba na fashin ajinsa.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙus-ƙus ya kai ofishin shugaban makaranta, ga kuma wani sabon malami matashi da ke jiran aji. Sai aka ce sufeto zai zo daga Sakkwato, kuma ajin Baba zai shiga. Da safen ranar ko kunu ban iya sha ba. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a. A bakin zaure Inna ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗiyata, ki buɗe kunne.” Ashe ita ma ta sani.

Sufeton dattijo ne mai tabarau, ba shi da fara'a ko ta sisi. An ajiye masa kujera a bayan aji, ya ƙi ta. Ya taho ya zauna a ƙarshen bencina, har ina jin ƙamshin turarensa. 

Baba ya yago takardarsa, sufeto ya ɗaga hannu. “Malam, aje wagga. Na ji labarinta tun daga Sakkwato. A yi muna waɗanda sai da kunne ake rarrabe su.”

Baba ya rubuta su bibbiyu a allo, allin har yana karyewa. Ɗalibar farko ta miƙe ta karanta daidai. Na tsayar da biro. Baba ya saci kallona, ya ce ta zauna. Na biyu ya yi kuskure, na kwantar, Baba ya sa shi ya sake. Sufeto ya yi rubutu. Na kasa gane ko hannuna yake kallo ta ƙasan tabarau, gumi kuwa ya jiƙa mini hijabi.

Sai sufeto da kansa ya nuna wani yaro a can baya. Ɗan ƙauyen Tozai ne, kullum a kan tsohon keke yake zuwa, kuma duk ajin ba wanda Turanci ya ƙi kamarsa. Tun yana ƙaramin aji Baba ke fama da shi a kan “ship” da “sheep”, yakan tsare shi bayan an tashi su yi ta maimaitawa, amma bakinsa bai taɓa raba su ba. Su ne kuma suka faɗo masa. Na ce a raina, shi ke nan, an kashe mu.

Yaron ya miƙe, ya faɗe su. Ɗaya gajeriya, ɗaya doguwa, tsaf, kamar a rediyo. Kowa a aji ya juya yana kallonsa baki sake. Na tsayar da birona har tsininsa ya huda takarda.

Baba bai dube ni ba. Yaron yake kallo, sannan fuskokin 'yan aji ɗaya bayan ɗaya. Na ɗan buga biron a benci, na yi gyaran murya, kamar zan yi kuka. Ya ƙi juyowa. Ya ajiye allin a hankali.

“Ɗana, ga alama ka hwaɗa daidai, na gani ga huskokin 'yan'uwanka. Amma ni ban jiya ba.” Ya juya wajen sufeto. “Ranka shi daɗe, tun bazara ba ni jin su.”

Sufeto ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Kafin a tashi an kira Baba ofis, ya fito da mabuɗin sito a hannu.

A hanyar gida ina gaba yana baya, don haushinsa nake ji ƙwarai. Wajen manyan motocin albasa masu jiran tsallakawa Ƙonni na kasa daurewa, na juya na ɗaga murya: “Baba, da ka dube ni! Biron na tsaye!”

“Na sani,” ya ce. “Yaron ga ya daɗe shina wahala. Ranar da yas samu, ba ni ba shi yabo da kunnen aro.”

Muka ci gaba da tafiya. Sai ya riƙo gefen hijabina, kamar ƙaramin yaro.

“Ƙaƙa yah hwaɗe su? Hwaɗa min yadda yac ce.”

Na tsaya a tsakiyar hanya, masu kabu-kabu na ta danna mana oda, na faɗe su da dukan ƙarfina. Baba ya kafa wa bakina ido.

“Sake,” ya ce.