Neman Kwabo Marar Huda a Tsiga

Malumfashi zuwa Bakori

Na bar gida ranar Talata da ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, da gilashin gyaran agogona a aljihu. Gyaran agogo ne sana'ata, amma wani Baturen kamfanin auduga a Funtua mai tara tsofaffin kuɗi ya koya mini gane waɗanda aka yi kuskure wajen buga su. Lokacin nan sabbin kuɗin Nijeriya sun shigo, ana janye tsofaffi. Labari ya zo mini cewa wani tsohon soja a Tsiga yana da tukunya cike da su.

Motar katako na hau, sule biyu. 'Yan doka suka tsayar da mu kan lodi, direba ya sauke buhu uku, muka wuce. Ƙarfe takwas muna Bakori. Na sha kokon kwabo da ƙosai, na yi hayar keke.

Tsiga

Da hantsi na sami gidan Baba Nomau, Bamaguje, wanda ya yi yaƙin Boma. Ya miƙo mini wuƙa da zakara.

"Malam, yanka da hannunka, na san ba za ka ci namu ba."

Bayan tuwon dawa aka fito da tukunyar. Matarsa, Inna Tani, ta riga ta goge rabin kuɗin da toka don su yi wa baƙo kyau.

"Inna, masu saye da dauɗarsu suke so," na ce.

"To Allah ya ba su lafiya," in ji ta.

Na baje su a tabarma, na ware na shekarun yaƙi. Kwabo biyu ba su da hudar da aka saba gani a tsakiya. Na farko na jefa kan dutse, ya yi ƙara a dakushe. Da gilashi na ga dalma aka cusa a ramin. Na biyu ya yi ƙara tangaran, tsakiyarsa sumul, ba alamar maƙeri. Daga wurin bugu ya fito haka. Akwai kuma anini mai huda a gefe.

Sauran suloli ne, ajiyar noman shekaru. Na ce masa an kusa daina karɓarsu. Ya daɗe yana kallon tukunyar.

"Kuɗi ma suna mutuwa?"

"Ba su mutu ba tukuna, Baba. Gobe mu je banki."

Funtua

Laraba da ƙarfe bakwai muka kama hanya, tukunya cikin buhu, Baba Nomau bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Goma da kwata muna layi a banki. Akawu ya ƙirga, ya canza duka, ko sisi bai ƙi ba. Sai lokacin na ga haƙoran tsohon.

Daga nan muka je wurin Baturen. Na shiga da Baba don ya ji ciniki da kunnensa. Bature ya duba, ya auna, ya duba kuma, ya ba da fam biyu kan kwabon, sule goma kan aninin. Baba ya ba ni sule biyar ladan ido, na karɓa.

A bakin tasha muna cin tsire, ya ce, "Malam, a Boma in soja ya yi kuskure, gwale-gwale zai sha cikin rana. Masu buga kuɗi kuwa nasu kuskuren fam biyu ne!"

Dariya ta sa na ƙware, har mai tsire ya miƙo mini ruwa.

Muka rabu a Bakori da la'asar, na mayar da keken mutane. Na iso Malumfashi ana kiran magariba. Alhamdu lillahi da ya kai ni lafiya ya dawo da ni. Baba Nomau da Inna Tani, na gode da zakara.