Ranar da Yaya Auwalu Bai Yi Tsalle Ba

Wata Asabar ce cikin watan Nuwamba na shekarar 2008, 'yan watanni bayan wasannin Olamfik, muka zauna ni da Abba a kan bencin katako cikin ɗakin wasa na wata kwaleji da ke yankin Baiyun a Guangzhou, muna kallon wasan farko na kakar ƙwallon kwando. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Ɗakin ya cika da ɗalibai suna buga gorunan roba suna ihun "jayo, jayo", wato a ƙara himma, ga ƙarar takalma a kan katakon da aka goge har yana sheƙi. Mu biyu ne kaɗai baƙar fata a cikin 'yan kallo, na ukunmu kuwa yana cikin fili sanye da jar riga: yayana Auwalu, wanda ya fi kowa tsawo a ƙungiyarsu. Abba ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, carbi a hannu, bai san komai a wasan ba. Duk busa usur sai ya sunkuyo ya tambaye ni, "Sa'a, namu ne ko nasu?" Yawancin amsar da na ba shi a ranar ita ce nasu ne.

Tun ina 'yar shekara shida muka baro Kano muka iske Abba a Guangzhou. Yana da ƙaramin shago a wani hawa na benen Tianxiu, inda yake saro shadda da yadi yana tura wa 'yan kasuwar gida. Muna zaune a ɗaki biyu a wani lungu na Xiaobei, sama da mai gyaran keke. Aikina kullum shi ne wanke kwanuka, shanya kaya a baranda da doguwar gora mai ƙugiya, da manna salatif a jikin katan idan na dawo daga makaranta. Da yamma mukan yi tsallen roba da 'ya'yan masu shagunan lungun, a wurinsu na koyi yaren ƙasar fiye da yadda na koya a aji. Kafin a jima na zama bakin gidanmu. Ni ke raka Umma sayen kayan miya, ni ke gaya wa mai haya famfo ya lalace. Abba kalma uku ya riƙe: "ni haw" ta gaisuwa, "lawban" da ake ce wa maigida, da "meyo", wato babu.

Ƙwallon kwando ta shige ni ne a damina ta Olamfik. Mai gyaran keken ya fito da talbijin ɗinsa bakin ƙofa, lungu duka ya taru, ni kuma na kafa 'yar kujerata a gaba. Da Yaya ya ga na kamu, sai ya riƙa tafiya da ni atisayensu lokacin hutu. Na zauna a gefe har na san kowane ɗan wasa kamar ɗan gidanmu, na raɗa musu sunaye na Hausa tunda nasu suna min wuyar riƙewa.

Amma a wannan shekarar wasan ya wuce wasa a gidanmu. Tun kafin Olamfik ɗin da aka yi a ƙasar sabunta biza ya yi wuya, bayan an gama ma bai sassauta ba. Mutanen da muka sani suka riƙa tattara kaya suna komawa, shaguna a hawanmu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. An riga an gaya wa Abba ba za a ƙara masa ba bayan sabuwar shekara, ni da Umma kuwa a kan tasa muke. Takardar da ta rage da ƙarfi ita ce ta Yaya, ta ɗalibta, kuma kwalejin tana koyar da shi kyauta ne saboda ƙwallo. Idan ya zauna a ƙungiya zai ci gaba da karatu, shagon ya zauna a buɗe a hannunsa har Abba ya samu hanyar dawowa. Idan aka cire shi, aikin shekarun Abba duka ya tashi. Kocinsu kuma ya riga ya faɗa cewa bayan wasannin farko zai rage 'yan wasa.

An ci su a ranar, ci mai muni. Muka fito muka shiga wani ƙaramin gidan taliya na Musulmin ƙasar da ke kusa da ƙofar kwalejin, Yaya ya iske mu can bayan ya yi wanka. Aka kawo taliya da romon naman sa, babu wanda ya taɓa. Abba ya juyo gare ni ya ce, "Ni ban gane komai ba sai gudu da ihu. Ke da kika sani, faɗa min gaskiyar kowa, kada ki rage."

Sai na fara, ina jin kaina wata babba. Na ce Bahago yana da saurin hannu, amma hagu kawai ya iya bi, tun kafin hutun rabin lokaci abokan hamayya suka gane, suka tare masa hanyar suka bar shi yana zagaye. Mai Tabarau ya iya jifa daga nesa idan babu kowa kusa da shi, amma da an ɗan goge shi da kafaɗa shi ke nan, ba ya ƙara sakawa. Kyaftin ɗinsu, wanda nake kira Zakara, yana riƙe ƙwallo kamar gadon ubansa, gara ya jefa ta a banza da ya miƙa wa wanda ke tsaye a ƙarƙashin kwando. Wanda ya fi su duka shi ne ɗan ƙaramin nan, Ɓera, yana ganin fili gaba da baya, amma an bar shi a benci har sai da wasa ya lalace. Yaya yana ta murmushi yana gyaɗa kai. Sai Abba ya ce, "To, yayanki fa?"

Na kalli taliyata. Na so in ce ba a ba shi ƙwallo ba ne, kuma da ba ƙarya na yi ba. Amma abin da na gani ya fi haka. A damina na sha ganin Yaya ya tashi sama har wuyan hannunsa ya wuce ƙarfen kwando. A ranar kuwa da ƙyar ƙafarsa ke barin ƙasa, duk ƙwallon da ta daki kwando ta dawo sai wani guntu ya riga shi cafewa, idan zai juya kuma sai ya juya a hankali kamar mai ɗauke da kwanon miya. Na ce, "Yaya bai yi tsalle ba, Abba. Kuma a kan ƙafar dama kaɗai yake sauka."

Murmushin Yaya ya ɗauke. Abba ya ce ya naɗe wandonsa. Yaya ya ce ba komai ba ne, Abba ya maimaita, murya ƙasa-ƙasa. Da ya naɗe, gwiwarsa ta hagu ta kumbura ta yi kamar kwakwa, fatar har tana ƙyalli. A nan ya faɗa mana cewa ranar Alhamis, a ma'ajiyar masu jigilar kaya da ke hanyar filin jirgi, ya zame a matakala da dilar shadda a bayansa. Tun da kasuwa ta mutu Abba ya sallami masu ɗaukar masa kaya, Yaya ne ke yin dakon bayan ya tashi daga aji. Ya ɓoye ne don kada koci ya ji, kada kuma Abba ya ji. Abba ya daɗe yana kallon gwiwar, sannan ya ce, "Ni na ɗora maka."

Ranar Litinin ban je makaranta ba. Abba ya naɗe turmin shadda mafi kyau da ke shagon, ya zuba dabino a leda, muka tafi ofishin kocin. Mutum ne siriri mai furfura, yana shan shayi a kwalba. Ban taɓa ganin Abba yana roƙon mutum ba sai ranar, kuma ta bakina roƙon ya bi. Ya ce, "Gaya wa lawban laifina ne, ba na yaron ba. Gaya masa gidana duka yana tsaye a kan ƙafar nan." Na juya maganar kalma bayan kalma. Kocin ya tura shaddar ta koma gaban Abba, ya ɗauki dabino ɗaya don kada ya kunyata shi. Ya ce zai jira har wasan ƙarshen wata, daga nan ba shi da iko, sunaye za su wuce wurin shugabannin kwalejin. Sannan ya kalli Yaya da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce irin wannan gwiwar hutu mai tsawo take so, da ɗansa ne ba zai bari ya buga ba. Wannan ma na juya ta yadda take. Abba ya sunkuyar da kai. Yaya ne ya amsa da kansa, da yarensu, ya ce zai buga.

Makonnin da suka biyo baya gidanmu ya koma kan gwiwa ɗaya. Umma na dafa ruwa safe da yamma tana gasa masa da tawul. Wata Hajiya 'yar Maraɗi da ke dafa tuwon sayarwa a ɗakinta ta aiko da man kaɗanya, mai gyaran keke ya kawo wani baƙin magani mai wari da ake mannawa. Abba ya hana Yaya ɗaukar ko da ledar burodi, ya koma yin dakon da kansa. Wata rana na kai masa abinci shago na same shi a matakala, mutum mai shekara hamsin da wani abu, dila a wuya, hularsa ta faɗi, yana hawa yana tsayawa yana riƙe bango. Na ɓoye a bayan ƙofa har ya wuce, don na san ba zai so in gani ba. Da la'asar nakan raka Yaya wani ƙaramin fili a ƙarƙashin gadar sama, ya tsaya wuri ɗaya yana jifa, ni ina gudu ina ɗauko masa. Kumburin ya ragu, bai tafi ba. Umma ta roƙi Abba a bar maganar, mu koma gida duka da lafiyarmu. Abba ya ce wa Yaya ya yafe masa, ba dole. Yaya ya ce, "Abba, in ban gwada ba, ba zan iya haɗa ido da kai a Kano ba."

A wasan ƙarshen watan Umma ma ta zo. An sako Ɓera tun farko, kuma shi ya riƙa neman Yaya da ƙwallo. Yaya ya yi tsalle. Ya cafe, ya saka, ya tare jifan wani har ƙwallon ta faɗa cikin 'yan kallo. Ɗalibai suka fara kiran sunansa yadda bakinsu ya iya, "A-wa-lu, A-wa-lu". Abba ya miƙe tsaye bai sani ba. Ni kaɗai na kasa murna, domin ina ganin yadda yake cije leɓe a kowace sauka. Bayan hutun rabin lokaci ya tashi ya kamo wata ƙwallo sama da kowa, ya sauko a kan ƙafar hagu, ƙafar ta lanƙwashe gefe. Bai yi ihu ba. Ya kwanta rungume da ƙwallon, Ɓera ya durƙusa ya tallafe masa kai. Na ga Abba ya tsallaka benci ya shiga fili da takalminsa, alƙalin wasa bai hana shi ba.

Likita ya ce jijiya ta tsinke. An yi masa aiki, kocin ya zo dubiya da lemo. Bayan sabuwar shekara Abba ya miƙa wa wani mutumin Yamai shagon, muka raba wa maƙwabta tukwane da katifu, muka hau jirgi mu huɗu, Yaya yana dogara sanduna. Babu wanda ya sake komawa a cikinmu.

Yanzu Abba ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yaya Auwalu yana da rumfarsa a Kantin Kwari da 'ya'ya huɗu, yana ɗan ɗingishi idan gari ya yi sanyi, kuma a zaune yake sallah. Yaren da na yi taƙama da shi ya zube daga bakina, sai 'yan kalmomi. Yara yanzu suna kallon wasannin duniya a waya, su kaɗai a ɗaki, ba su san daɗin lungu guda ya taru a gaban talbijin ɗaya ba. Bara, ranar sunan autarsa, muna zaune a tsakar gida bayan baƙi sun watse, na tambaye shi ko ya taɓa jin haushina da na tona shi a gaban Abba. Ya miƙe ƙafar a kan tabarma, ya yi 'yar dariya ya ce, "Haushin me? Ɗakin nan cike yake da mutane, kowa ƙwallo yake kallo. Ke kaɗai kika kalle ni."

Har yanzu ina jin da ma ganin nawa ya isa ya hana abin da ya faru.