Fidelma, Wadda Ta Kawo Yara Ƙofata

Da safiyar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, mijinki Cathal ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, idanunsa jawur. Kafin ya buɗe baki na gane. Fidelma Durkan, maƙwabciyata ta shekara talatin da ɗaya a layinmu na garin Ballina, kin rasu bayan jinyar mako uku.

Shekara huɗu ke nan da aka rufe masana'antar kifi, rabin magidantan layin suka koma zaman gida. Da bikin Halowin na shekarar ya matso, wato daren ƙarshen Oktoba da yara ke shigar dodanni suna bi gida-gida neman alawa, iyaye suka shiga zullumi. Ga kuɗin ɗumama ɗaki, ga yara na kukan a sayo ƙwarangwal na roba da fitilu kamar kowace shekara. Wasu har sun yanke shawarar kashe fitilar ƙofa su yi lamo, kada yara su zo neman alawa su ji kunya.

Ke kika tara mu a kicin ɗinki. Kika ce, "Gida goma sha biyu, kowa da dodonsa na roba, sai ka ce gasa? Gida ɗaya za a ƙawata. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ko ƙunshin alawa ɗaya ne, a zuba a baho guda."

Kika jefa takardun sunaye a hular Cathal, kika zaro nawa. Na ce ni tsoho ne, ba na son hayaniya.

Kika ce, "Malachy, rufa mana baki. Fuskar nan taka ta isa ta tsorata yara, ka ga mun huta da sayen dodo."

A lokacin wata takwas ke nan da binne matata Noreen, ban da mai kawo wasiƙa babu mai taka dandamalina. Kuka fafe kabewa uku kuka yanka musu fuskokin dodo, kuka rataye tsofaffin zannuwan gado a matsayin fatalwa. Da yammacin ranar bikin yara fiye da arba'in suka zo ƙofata suna kiran sunana.

Sau huɗu ana ƙuri'a, sau huɗu ni ke fitowa. Ina ta cika baki wai sa'a gare ni. Sai a maƙabarta Cathal ya riƙe hannuna ya ce, "Kai dai ba ka da wayo. Duk takardun nan sunanka ta rubuta."

Yau saura kwana tara bikin. Babu wanda ya kira taro. Labulen kicin ɗinki a sauke yake, nakan tsaya ta tagata ina kallonsa har shayina ya huce. Na sayo kabewa ɗaya, amma na kasa ɗaukar wuƙar fafe ta.

Allah Ya ji ƙanki, Fidelma, Ya yafe kurakuranki, Ya ba ki hutu na har abada cikin haskensa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Cathal, da 'ya'yanki Dervla da Fintan, da jikokinki biyar. Ubangiji Ya ba ku haƙuri, mu ma da muka rage a layin Ya ba mu.

Malachy Ruane