Hatimin Kawu a Bayan Karkataccen Hoto

"Wannan ma ba Baba ba ne," in ji 'yar tela, ta ture hoto na bakwai gefe.

"Ba shi ba ne? Da hannuna na ɗauka!" Kawu ya ce. "Dubi kai, yatsa biyu daga saman hoto. Dubi kafaɗu, kamar an ja zare."

"Kawu, ai ya fi kama da direban can da hotonsa ke jikin bango."

Da gaskiyarta. Shekara talatin Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana ɗaukar hoto a shagon nan, dokarsa ba ta taɓa motsi ba: mutum a tsakiya, hannu a gwiwa, furen roba a dama, ban da dariya. Wai dariya tana karkata fuska. Duk mutanen layinmu mun fito kamar 'yan gida ɗaya da ke jiran hukuncin alƙali. In ya gama sai ya buga hatimin shagonsa a baya, don a cewarsa hoton da ba hatimi maraya ne.

Tela maƙwabcinsa ne, abokin shan shayinsa, makon jiya ya rasu. 'Yarsa ta zo neman hoton da za a faɗaɗa a rataye a falo.

Ta jawo kwalin da Kawu ke jefa waɗanda suka lalace, tana tonawa, sai ta tsaya cak.

"Ga Baba!"

Ranar da aka ɗauki wannan hoton, ƙafar kyamara ce ta zame. Tela ya fito can gefe, rabin kansa a waje, tef ɗin awo a wuya, baki har kunne yana yi wa Kawu dariya.

"Wannan ɓarna ce, ba hoto ba," in ji Kawu. "Ɗauki, amma ba hatimi. A ce ni na yi wannan? Ina zan sa fuskata?"

"A tsakiya mana, Kawu, yatsa biyu daga sama." Sai muryarta ta yi ƙasa. "In ba hatiminka, wa zai san wanda yake yi wa dariyar?"

Kawu ya daɗe yana kallon hoton. Ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa. Sannan ya kife hoton, ya ɗauko rula, ya auna tsawo da faɗi, ya dangwala hatimi a tsakiya cif.

"Ko ba komai, bayan ya bi doka," ya ce.

Wani mai neman hoton fasfo na jira a kan benci. Kawu ya ɗaga labule ya nufe shi.

"Malam, zauna daidai. Me ake wa dariya?"