Kawu Badamasi da 'Yar Goyo

Kawu Badamasi ba ya zama inda ake ba da labarin nan. Da ya ji an ambaci injin ban-ruwan Malam Sambo, sai ya lalubi takalmansa ya ce zai je ya duba awaki. Awakin na matarsa ne, kuma a ɗaure suke, suna cin harawarsu.

An haife shi a wani ƙauyen masunta da ke bakin kogin Kwara, a ƙasar Bagudo, can kusa da iyaka, inda rabin dangi ke cin kasuwa a Benin. Tun yana ƙarami ya fi sa'o'insa daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Da ya tasa sai ya bi fatake zuwa Kwatano, ya samu aikin kankare gindin jiragen ruwa, a can ya koyi nutso da tukunyar iska. Ya dawo gida da rigar roba da gilashin fuska da tukwane biyu, babba da ƙarama. Ƙaramar yake kira 'yar goyo, don a jikin babbar ake ɗaure ta a bayansa. Ba a taɓa ta sai iskar babbar ta ƙare ko tiyonta ya samu matsala. Tana da nata tiyon, da robar baki da ke rataye a ƙirjinsa. Amma makullinta yana can bayan ƙeya, inda hannunsa ba ya kai wa, don haka dole sai wani ya ɗaura masa ita, ya murɗa ya buɗe, kafin ya faɗa ruwa.

Wannan aikin Sufyan ne, abokinsa na ƙuruciya, mai kwalekwale. Sufyan zai ɗaure, ya buɗe, ya buga masa kafaɗa ya ce, "Tahi, kifin Kwatano. In ba ka dawo ba, babur ɗinka nawa ne."

"Ka fara koyon tuƙi tukuna," in ji Kawu, sai ya juya baya ya faɗa.

Da haka ya ciyar da gidansa. Injin jirgi ya ɓalle ya nutse, a kira Badamasi. Babur ya zame daga jirgin fito, a kira Badamasi. Wani lokaci mutum ake nema, ya shiga ya ɗauko, ya dawo gida ya ƙi cin tuwo. Jama'a sun shaide shi da cewa ba ya tsoron zurfi, ba ya tsoron duhun ruwa. Mutum ɗaya kawai yake shakka: surukinsa, Malam Sambo, mahaifin matarsa Sabuwa, Bafulatanin da ya zauna kusa da Zagga yana kiwo yana noma. Tun da aka ɗaura auren Kawu bai taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa bai taɓa kurɓa ba. In ya hango shi a kasuwa sai ya sake layi. In kuwa sun yi kiciɓis, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa, duk abin da tsohon ya ce amsar ɗaya ce: "To, Baba." Shi ma tsohon ba ya kama sunansa, sai dai "mai gidan Sabuwa".

Wata shekara, da ruwa ya fara ja, Malam Sambo ya sayo injin ban-ruwa daga tsallake don noman rani. Suna tsakiyar gulbi jirgin ya karkata, injin ya sulluɓe ya tafi. Tsohon bai faɗa wa Kawu ba. Uwar Sabuwa ya gaya wa, ita ta gaya wa Sabuwa, Sabuwa ta kawo maganar tare da furar rana.

"Shi ma zai zo?" abin da Kawu ya fara tambaya ke nan.

"To wa zai nuna maka wurin?"

Da safe ya sa rigar robar tun daga gida, ya ɗora doguwar jallabiya a kai, don kada ya tuɓe a gaban surukinsa. Sufyan na ganinsa ya kwashe da dariya, ya ce yau liman ne zai yi nutso. Da tsohon ya iso dariyar ta ɗauke. Suka shiga jirgi su uku, Kawu ya zauna can gaba ya ba su baya.

Wurin da injin ya faɗa ruwan yana da ƙarfi. Sufyan ya jefa dutsen tsayar da jirgi, igiyar ta fara ja, dole ya tsaya a baya yana tare jirgin da gora. Kawu ya cire jallabiyar da sauri kamar mai sata, ya goya babbar tukunya. Sufyan ya miƙa hannu ɗaya ya buɗe makullin 'yar goyo tana nan kwance a cikin jirgi, ya ce, "Bari in kafa gorar in zo in ɗaura maka."

"Riƙe jirginka, yaro," in ji Malam Sambo. "Ɗaurin kaya dai? Tun ba a haihe ku ba nike ɗaura ma takarkari kaya."

Kawu ya ji hannun surukinsa a bayansa, a karo na farko a rayuwarsa. Ya sandare. Tsohon ya ɗaure tukunyar tamau, ɗauri mai kyau, ko Sufyan bai fi shi ba. Sai ya kasa kunne, ya ji wani ɗan huci yana fita daga bakin makullin, hucin da ta daɗe tana yi kuma ba ya hana komai. Ya kama ya murɗa har sai da ta yi shiru.

"Wagga tana yoyo," ya ce a hankali. "Na ruhe maka ita, kada iskar ta ƙare banza."

Sufyan na fama da gora, ƙarar ruwa ta hana shi ji. Kawu ya ji sarai. Ya san abin da rufaffiyar tukunya take nufi a ƙasan ruwa. Ya so ya ce: Baba, a buɗe take zama. Amma ta yaya zai gyara wa surukinsa aiki? Ko ya kira Sufyan ya warware abin da tsohon ya yi, a kan idonsa? Ya ce a ransa ai wurin ba shi da zurfi sosai, yanzu zai fito.

"Na gode, Baba," ya ce, ya faɗa ruwa.

Ya samu injin a kife cikin laka, ya ɗaura masa igiya. Yana juyawa sai ya ji an riƙe shi ta baya. Wani tsohon tarun kamun kifi ne da ya maƙale a kututture. Ya yi ta yanka da wuƙa, yana yanke nan can na kamawa, yana haki yana zuƙe iskar babbar tukunya, har ta fara zuwa da ƙyar, sannan ta tsaya. Hannunsa ya kai kan robar 'yar goyo da kansa, kamar yadda ya saba. Ya sa a baki ya ja. Babu komai. Ya miƙa hannu bayan ƙeya, yatsunsa suna shafar ƙarfe, ba su kai makullin ba. Abin da ya iya tunawa na ƙarshe shi ne ya yanke zaren da ya rage ya fizgi igiyar jirgi don a jawo shi sama.

Da ya buɗe ido, sama ya gani, sai gemun Malam Sambo. An tsaga rigar robar har ƙugu. Kansa na kan cinyar tsohon, ruwan da ya amayar da sauran kokon safe duk sun ɓata farar rigar surukin nasa. Ya yunƙura zai tashi ya rufe jikinsa, tsohon ya danne shi.

Sufyan na juya tukwanen yana huci. "Wa ya ruhe wagga? Da hannuna na buɗe ta!"

"Ni ne," in ji Malam Sambo.

Sufyan ya ajiye tukunyar. Tsohon ya dubi tukunyar, ya dubi Sufyan, ya gane. Sai ya sunkuyo.

"Ka san in an ruhe ta mutuwa ce?"

"Na sani, Baba."

"Ka sani, kuma ka ce mini ka gode?" in ji tsohon. "Da mi zan koma ma Sabuwa? In ce mata na kashe mijinki da hannuna, yana yi mini godiya?"

Kawu ya rufe ido. Ya taɓa gaya wa Sabuwa cewa a lokacin ya fi son a mayar da shi cikin tarun.

An jawo injin, an wanke, ya tashi. Amma Malam Sambo bai iya kallon injin, har damina ta faɗi yana jingine a zaure. Surukan biyu suka koma gudun juna fiye da da, yanzu har tsohon ma sake layi yake yi. Sabuwa ta gaji, ta ce ita ba ta taɓa ganin mutum biyu da suka kusa kashe juna da ladabi ba.

Wata ranar kasuwa Kawu na shirin shiga ruwa neman injin wani jirgi, sai ga tsohon da sandarsa. Ya tsuguna kusa da 'yar goyo, bai yi dogon gaisuwa ba.

"Badamasi," ya ce, yau ya kama sunan. "Gwada mini. Ina ne buɗe, ina ne ruhe?"

Kawu ya durƙusa, idonsa na kan makullin. Ya yi bayani da ƙyar, kalma na cin karo da kalma. Tsohon ya ɗaura masa, ya murɗa ya buɗe, ya ce, "Sa ga baki ka ja, in gani." Mutumin da bai taɓa kurɓar ruwa a gaban surukinsa ba ya cusa roba a baki yana zuƙa, tsohon na kallonsa, Sufyan ya juya baya kafaɗunsa na rawa don dariya.

Tun daga ranar ba ya shiga ruwa sai ya ja iskar 'yar goyo a gaban wanda ya ɗaura masa, ko waye shi. Tuwo dai har yau bai ci a gaban Malam Sambo ba.