Fiffiken Motar Abdulmumini

Daga Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran aminina kuma abokin gardamata, Abdulmumini direba, wanda duk Dogon Dutsi ta fi sani da Mai Fiffike.

Abdulmumini, shekara talatin muka yi muna musu a kan ƙarfe guda. Kana saurayi ka ga motocin tseren sahara na Turawa, kowace da fiffike a gindinta. Da ka samu tsohuwar Fijo 504, kafin ka sauya mata taya sai da ka sa mai walda ya ƙera mata nata. Mutanen tasha suka ce so kake ka tashi sama. Ka ce a'a, na jirgi ne ke ɗagawa, na mota dannewa yake yi. In mota ta ɗauki gudu, iskar da ta bi ta saman rufi takan zame ta baya, ta rage wa gindin nauyi, tayoyin baya su fara sakin ƙasa. Fiffiken ke tare iskar, ta danne gindin, motar ta zauna daram ko a kwana.

Ni da nake koyar da kimiyya a kwaleji na san bayaninka daidai ne, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Sai na kama ka ta wani gefe. Na ce wannan aiki sai gudu ya haura ɗari, kai kuwa tsakanin Dumega da Tibiri ba ka taɓa wuce sittin ba, har amalanken jaki kan yi maka kallon tsara. Na ce amfanin fiffikenka biyu ne, shan mai da ba mata wurin ɗaure kaji ranar kasuwa. Burinka ɗaya a duniya shi ne in ce “ka yi gaskiya” a gaban majalisarmu. Na rantse ba zan faɗa ba.

Sai kakar 2009, da rana tsaka, kububuwa ta sari ɗiyata Fadila a gonar wake a Ɗan Kassari. Ka sauke fasinjojinka a bakin hanya, ka ɗauke mu. Ina riƙe da kanta a kujerar baya, na ga allura ta kai ɗari da talatin. Na jira gindin motar ya kwashe a kowace kwana, bai ko girgiza ba. Muka isa asibiti da sauran numfashinta. Yau 'ya'yanta huɗu.

Ba ka taɓa yi mini gori da wannan rana ba, ko sau ɗaya. Ni kuma girman kai ya hana ni buɗe baki, shekara goma sha biyar. Wannan ya dame ni fiye da yadda ka sani.

Mako biyu kafin rasuwarka na zo duba ka, na tarar da 'yan majalisa sun cika ɗakin. Na daure na ce, “Abdulmumini, ku shaida, fiffiken nan ya yi aiki. Ka yi gaskiya.”

Ka yi dariya har tari ya kama ka, matarka Ajuma ta kawo ruwa. Ka kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ka ce, “Mushe, wane hihhike? Buhu ukku na wake na manta ban sabke ba cikin but. Su sunka danne ta. Na so in gaya maka tun tuni, amma in musun ya ƙare, mi za ya kawo ka tasha kullum?”

Ɗakin ya ɗauki dariya, ni kaɗai na kasa. Ban taɓa cin gardamar da na yi baƙin cikin cinta ba sai wannan. Har yau da la'asar ƙafata kan nufi tasha, sai na kai rabin hanya in tuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ajuma, da 'ya'yansa Musbahu da Lubna, da direbobin tashar Dogon Dutsi baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri. Ya Allah, bawanka Abdulmumini ya yi gaggawa da ɗiyata ranar da take bukata. Ka yi masa gaggawar rahama, ka yafe kurakuransa, ka haskaka makwancinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Amin.